Ɗana Ba Ɓeran Gwaji Ba Ne

"Gwangwanin nan, ke kika kawo wa ɗana shi?"

Maman Dogo ko zama ba ta yi ba. Tana tsaye a tsakiyar falon su Auta, mayafinta ya zamo zuwa kafaɗa, ta dire gwangwanin gahawa a kan tebur da ƙarfin da ya sa murfinsa ya yi tsalle.

Auta ta fito daga ɗaki ke nan da jakar aikinta a hannu. Tana yin ido biyu da gwangwanin ta ja ta tsaya. Ja ne, da 'yar lotsawa a gefe. Ta san shi kamar yunwar cikinta.

"Hajiya, ki zauna mana," in ji Umma, mahaifiyar Auta, tana gyara mata kujera. "Bari a kawo miki ruwa."

"Ba ƙishirwa ta kawo ni ba. Ki bar ta ta ba ni amsa."

Auta ta ajiye jakar, ta durƙusa a gefen kafet. "Ni na kawo, Mama."

"Me ke ciki?"

"Gahawa ce."

"Wace iri?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"To, tunda bakinki ya mutu, ni nawa da sauran ransa." Maman Dogo ta juya wajen Umma. "Kin tuna ciwon kan da ya kwantar da yaron nan kwanakin baya? Wanda muka yi ta zaryar asibiti har aka ɗauki hoton kansa ba a ga komai ba? To ga ciwon nan a gabanki, a cikin gwangwani. 'Yarki ce ta juye gahawarsa ta zuba masa wata, wadda aka cire wa abin da ke sa ta aiki. Ba ta gaya masa ba. Wai tana so ta ga yadda zai yi."

Umma ta dubi Auta, tana jiran ta ji an ce ƙarya ne. Auta ba ta ɗago ba.

"Yaron nan ya riƙe kai yana ce min, Mama, wutar nan ce ta dawo, wannan karon ba za ta bar ni ba. Ni ina kuka, shi yana ba ni haƙuri. Ita kuwa ta zo da lemo a leda ta zauna kusa da ni tana cewa Allah ya sauwaƙe. Har hawayena ta share min da gefen mayafinta, alhali ta san abin da ta ƙulla."

Nan muryar Maman Dogo ta karye, amma ba ta bari hawayen ya sauko ba.

"Na san aikinki. Ban taɓa ƙyamarki don kina wuni da ɓeraye ba, ko da dangi suka yi ta min dariya. Amma ɗana ba ɓeran gwaji ba ne. Maganar aure kuwa, ku ɗauka ba a taɓa yin ta ba."

Ta ja mayafinta ta fice. Gwangwanin ta bar musu shi a kan tebur.

Wanda bai san tushen zancen ba zai ce wannan wace irin muguwar yarinya ce. Ni da na san shi ba zan wanke ta ba, amma zan faɗi yadda aka yi.

Dogo mai gyaran wutar lantarki ne. Shekarun baya yana saman falwaya yana aiki kusa da taransifoma, wani ya maido da wuta bai duba ba. Wutar ta ja shi ta wurgo shi ƙasa. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi da tabo a hannun dama, amma bai sake hawa falwaya ba. Ya buɗe ɗan shago yana gyaran fanka da dutsen guga da injin ruwa. Abu ɗaya ne ya ƙi barinsa. Duk inda ya ji gurnanin taransifoma, wannan zuuu ɗin da sauran mutane ba sa ma lura da shi, sai jikinsa ya sandare. Ba ya iya ɗaga ƙafa, ba ya iya magana, sai abin ya sake shi don kansa. Ga shi kuma da shan gahawa, baƙa ƙirin, tun safe har yamma.

Ita kuwa Auta karatun digiri na biyu take yi, kuma a kan tsoro take bincike. A ɗakin gwajinsu akwai wani akwati mai daɓen ƙarfe. Sai a saka ɓera a ciki, a kunna masa wata ƙara, a bi ta da ɗan jan wuta a ƙafa, wanda zai firgita shi ba tare da ya ji rauni ba. Washegari ƙarar kawai za a kunna, ɓeran ya ƙame wuri ɗaya, ita kuma ta danna agogo ta auna tsawon ƙamewar. In aka yi ta kunna ƙarar ba wutar, a hankali ɓeran yakan gane babu komai, ya ci gaba da sha'aninsa. To a cikin ɓerayenta akwai waɗanda take zuba wa kafeyin a ruwan sha, wato sinadarin nan na cikin gahawa mai hana barci. Su waɗannan sai ta ga sun riƙe tsoron sun ƙi saki.

A ɗakin ma suka haɗu da Dogo, ranar da aka kira shi ya gyara wayar akwatin. Da ta yi masa bayanin aikin ya yi dariya ya ce, "Ashe ina da 'yan'uwa a jami'a ban sani ba." Da wannan dariyar ya sace zuciyarta.

Tana son sa, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Duk ranar da ta ga ya sandare sai ta ji kamar ta ciro abin daga ƙirjinsa da hannunta. Tana kallon ɓerayenta, tana kallon kofin da ba ya rabuwa da hannunsa, sai wata dabara ta zo mata. Da ma ita ke sayo masa gahawa. Abin da ya rage kawai ta buɗe baki ta tambaye shi, kuma shi ne ba ta yi ba. Ta ce a ranta in ya sani sakamakon ba zai fito tsaf ba. Kun ji inda ilimi ya kai ta ya baro.

Ƙofar gida na rufuwa Umma ta zauna daɓas a kujera.

"Auta, dube ni."

Ta kasa.

"Na ce ki dube ni. Ni kika sa na je gaida yaron nan har sau biyu, ina ta yi wa uwarsa nasiha a kan haƙuri da ƙaddara. Da wane ido zan sake kallon matar nan? A layi ɗaya muke sayen kayan miya."

"Umma, wallahi taimakonsa na so yi. Na san ciwon kan na 'yan kwanaki ne, duk wanda ya saba da gahawa ya bari lokaci ɗaya haka yake yi. Na san zai wuce."

"Kin san zai wuce. Uwarsa ta sani? Shi ya sani?" Umma ta girgiza kai. "Da sata aka ce kin yi, da na san abin da zan ce wa mutane. Wannan ko sunansa ban sani ba."

Auta ta fashe da kuka, ta rarrafa ta kama ƙafar Umma. Umma ba ta ture ta ba, ba ta kuma dafa kanta ba kamar yadda ta saba.

A haka Yaya ya shigo ya same su. Shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Abbansu, kuma tun farko bai taɓa ɓoye cewa mai gyaran fanka bai yi masa ba. Ya saurari labarin yana tsaye, hannu a aljihu.

"To ai shi ke nan, Allah ya raba lafiya," ya ce. "Ni da ma na ga ba za ta kai ba. Umma, Dakta na wurin aikinta ya daɗe yana min maganar aurenta ina ce masa ya dakata. Mutum ne mai hankali, aikinsu ɗaya, ba zai zo yana mana ihu a falo a kan gwangwani ba. Zan ce ya zo gobe bayan la'asar shi da yayansa mu zauna."

"Yaya, don Allah..."

"Ke kina da bakin magana yau? Wa kike tsammanin zai neme ki in labarin nan ya zaga unguwa? Ki gode wa Allah akwai wanda ya ji kuma bai gudu ba."

Auta ta ɗago jajayen idanunta. "Ya ji? Wa ya gaya masa?"

Yaya ya kau da kai. Ba ta buƙaci amsa ba. Mutum ɗaya tak ta taɓa yi wa zancen gwangwanin nan a duniya.

Washegari ta shiga ɗakin gwaji da kumburarrun idanu. Warin dusar katako da na maganin goge tebur suka tare ta kamar kullum. Kejin ɓeraye na jere a kan wata doguwar kanta, kowane da kwalbar ruwansa a kife. Dakta, babbanta a wurin aikin, yana tsaye gaban famfo yana wanke hannu, farar rigarsa a goge ƙal.

"Kai ka je ka gaya mata," ta ce, ko gaisuwa babu.

"Ni ne." Ya ɗauki tawul yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ko a jikinsa.

"Shawara na nema a wurinka ranar da ciwon kan ya tsananta. Tsoro ne ya kama ni, na ce bari in tambayi na gaba da ni. Amana na ba ka, Dakta."

"Amana." Ya maimaita kalmar a hankali. "Auta, kafin mu taɓa ɓera ɗaya a ɗakin nan sai da muka tsaya gaban kwamiti suka titsiye mu da tambayoyi. Wutar nawa ce, zafin nawa ne, me ya sa dole sai an yi. Ɓera fa. Ke kuma kin ɗauki ɗan mutum sukutum, mai uwa, mai dangi, kin saka shi a akwati ba ki nemi izinin kowa ba."

Ya juya tawul ɗin a hannunsa, ya ci gaba.

"Kuma a kan me? Sakamakon naki bai ma tsaya da ƙafarsa ba. Kin fi kowa sanin akwai masu binciken da suka ga akasin naki, nasu ɓerayen kafeyin ɗin taimaka musu ya yi suka saki tsoron. Ya danganta da yawan abin, da shekarun ɓeran, da lokacin da aka ba shi. Mu kanmu lalube muke yi. Sannan ɓera daban, mutum daban, wannan tun a ajin farko aka koya miki."

"Tausayin Dogo ne ya kai ka gidansu?"

Ya ɗan yi murmushi. "A'a. Ba zan yi miki ƙarya ba, don ina son ki na je. Amma dalilina bai mayar da naki aikin daidai ba." Ya rataye tawul ɗin. "Ni na san irin kanki, domin irin nawa ne. Ba zan taɓa goranta miki ba. Sai mun haɗu a gida anjima."

Ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Babu abin da ya kai wannan ƙona rai, mutum ya yi maka ƙafar ungulu sannan gaskiya ta zamana a hannunsa take. Da ƙarya ya yi mata, da ta sami abin zagi ta ji sanyi. Yanzu ko haushinsa ta tashi ji, sai kunyar kanta ta danne shi.

Aiki dai ba ya jira. Ta saka safar hannu, ta ɗauko ɓera daga kejin masu shan kafeyin, wani ɗan fari mai yagaggen kunne, ta saka shi a akwati. Ya zagaya yana shinshina kusurwa. Ta ɗauki agogo, ta kunna ƙarar.

Ɓeran ya ƙame. Ƙafarsa ɗaya a sama, gashin bakinsa ya daina motsi, cikinsa kaɗai ke hawa da sauka.

Sau nawa ta ga haka ba ta ji komai ba. Yau kuwa kafaɗun Dogo ta gani, da yadda jijiyar wuyansa ke tashi. Babban yatsanta yana kan agogo ya ƙi dannawa. Ta kashe ƙarar tun lokacinta bai cika ba, ta mayar da ɓeran kejinsa, ta cire farar rigar ta rataye. Ba gida ta nufa ba.

Shagon Dogo ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai sayar da fenti. Fankoki a kwance ba fukafukai, wayoyi a rataye jikin ƙusa, ƙaurin dalma ya cika wurin. Yana zaune a kan benci ya duƙufa a kan wani injin ruwa. A gefensa ga sabon gwangwanin gahawa, ga kofi cike yana tururi.

Ta yi sallama daga bakin ƙofa. Ya amsa bai ɗago ba.

"Sannu da aiki."

"Yauwa."

"Na yi ta kiranka jiya ba ka ɗaga ba."

"Na gani." Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. "Kin tuna ƙarar da kika saka min a waya, wai don in riƙa gane kiranki ne? Jiya ta tashi ina riƙe da ƙarfen dalma, na sandare. Sai da ya cinye min yatsa kafin na iya sakinsa."

Ya ɗaga yatsan, an naɗe shi da tsumma.

"Da taransifoma ɗaya nake fama. Yanzu sun zama biyu."

Ta durƙushe a nan bakin ƙofa, cikin ƙura da guntayen waya, hawaye na bin kumatunta.

"Dogo, ka yafe min. Wallahi ba wulaƙanci na nufa ba. Na gaji da ganinka kana shan wahala, na ga kamar ina riƙe da maganin a hannuna. Na ce in ya yi aiki sai in gaya maka mu yi dariya tare."

"Tashi daga ƙasa, mutane na wucewa."

"Ba zan tashi ba sai ka ce ka yafe."

"To shigo ciki ki durƙusa, in durƙuson kike so. Akwai abin da zan tambaye ki."

Ta matso ciki. Ya juya kofin a kan benci, yana kallon tururin.

"Ranar da kika ce in raka ki wurin tela. Bayan ciwon kan ya lafa. Ga hanya miƙaƙƙiya, kika ce a'a, mu bi ta lungun bayan makaranta, wai ya fi inuwa. Kin san da taransifoma a lungun nan?"

Ta runtse ido.

"Na sani," ta ce, da ƙyar ake jin muryar.

"Na sandare a wurin kamar yadda na saba. Amma idona yana gani. Na gan ki a gabana kina kallona, leɓenki yana motsi." Ya saki kofin. "Auta, wallahi na ɗauka addu'a kike min. Na koma gida ranar ina ta fara'a kamar wawa. Na ce wa Mama, na sami matar da in jikina ya ƙi ni, bakinta zai riƙa kai kukana wurin Allah. Sai da Daktanku ya zo ya yi bayanin gahawa, na zauna na haɗa wannan da wancan. Ƙirge kike yi, ko?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu za ta shige. Ta rufe fuskarta da tafukanta biyu.

"Ƙirge nake yi."

"Wannan ko Dakta bai sani ba."

"Babu wanda ya sani."

Daga maƙwabta ana jin mai takalmi yana buga ƙusa.

"To me kika samu? Tunda an sha wahalar, ai gara a ji sakamako. Ya ragu ko bai ragu ba?"

"Don Allah ka bari."

"Ina da haƙƙin sani. Ni ne ɓeran."

Ta ja numfashi cikin shessheƙa. "Ya ragu kaɗan. Amma ban san dalili ba. Ban sani ba ko rashin gahawar ne, ko don ina tsaye kusa da kai ne."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ta fi kuka ciwo. "Ni na sani. Ba sai an je jami'a ba. Don kina kusa ne."

Kukanta ya ƙaru. Ya bar ta ta yi mai isarta, bai rarrashe ta ba, bai kuma kore ta ba.

"Kin san abin da ya fi ci min rai?" ya ce daga baya. "Da kin tambaye ni, da na yarda. Wallahi da na yarda. Na daɗe ina so in rabu da abin nan, ba na barcin kirki, hannuna har rawa yake yi. Da kin ce, Dogo, zo mu gwada kaza, kanka zai yi ciwo kwana kaɗan, ka daure, da ni da kaina zan riƙe miki agogon. Da na ce wa Mama kar ta damu. Kalma ɗaya ce, Auta. Ɓerayenki ne ba a tambaya, don ba su da baki."

"Na sani. Na sani yanzu."

Ya ɗauki kofin ya riƙe da hannu biyu. "Wannan ta gaske ce, da kaina na sayo, na karanta jikin gwangwanin sau uku kamar mai shirin jarrabawa. Ke kika ce min masu shan ta ba sa mantawa. Tun jiya nake dafawa ina sha, don ba na so in manta. Ina tsoron in na manta zan sake yarda da ke."

"In ka sake yarda da ni ba zan ƙara ba har abada."

"Haka kike gani." Ya dube ta, karon farko tun shigowarta, ido cikin ido. Son yana nan bai je ko'ina ba, kuma ganinsa ya fi mata zafi a kan a ce ƙiyayya ta tarar. "Ban iya daina son ki ba, na gwada tun jiya abin ya ƙi. Amma Mama rabin labari ta sani. Ba zan je gabanta in durƙusa ina roƙo a kan rabin gaskiya ba. Har yau tana cewa, ko ba komai yarinyar nan ta taɓa yi maka addu'a a kan hanya. Da wannan take rage wa kanta zafi."

Auta ta zaro ido. "Dogo, in ta ji wannan ba za ta taɓa yafe min ba."

"Wataƙila."

"In muka yi shiru fa? Ni da kai kaɗai muka sani. A hankali za ta huce, Umma za ta je ta ba ta haƙuri..."

Maganar na fita ta ji ƙazantarta a bakinta. Ya ci gaba da kallonta kawai, har ta sunkuyar da kai don kanta.

"Kin ga ni ba zan faɗa mata ba," ya ce. "Ba nawa ba ne. In kin zaɓi shiru, ga hanya nan. Na ji an ce yau kuna da baƙi, kuma shi Daktan bai damu da irin wannan ba."

Kamar jira ake ya rufe baki, wayarta ta fara ruri a cikin jaka. Ba sai ta duba ba. La'asar ta wuce, Yaya ne, kuma ta san su wa ke zaune a falonsu.

Ba ta kai ga taɓa jakar ba aka yi sallama a bakin ƙofa.

Maman Dogo ce, da kular abinci a hannu. Tun ciwon kan nan ba ta yarda ya ci na waje ba, da ƙafarta take kawo masa. Ta tsaya turus, idonta a kan yarinyar da ke durƙushe a tsakiyar shagon ɗanta.

"Me wannan take yi a nan?"

Auta ta so ta miƙe ta gaishe ta, jikinta ya ƙi. Ta so ta yi magana, harshenta ya manne. Hannunta ɗaya ya tsaya a sama tsakanin jaka da ƙirjinta, numfashinta kaɗai ke hawa da sauka. Tana ji, tana gani, ba ta iya motsa ko yatsa. Ashe haka abin yake daga ciki. Shekara da shekaru tana auna shi, ba ta taɓa sanin tsawonsa ba sai yau.

Dogo ya gane. Wa zai fi shi ganewa? Ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce a hankali yadda ita kaɗai za ta ji, "Ni ba zan ƙirga miki ba. Ki ɗauki lokacinki."

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri.

"Magana nake yi," in ji Maman Dogo. "Ko kai ka kira ta? In kai ka kira ta ka gaya min in ajiye abincin nan in koma inda na fito."

Dogo bai juyo ba. Kofin yana hannunsa, ya ɗaga shi ya kusa kai bakinsa, ya tsaya a nan.

A hankali abin ya saki Auta. Ta zura hannu a jaka ta kashe wayar gaba ɗaya. Ta juya a kan gwiwoyinta ta fuskanci matar, ta ɗago fuskar da jiya ta kasa ɗagawa a gabanta.

"Mama, don Allah ki zauna," ta ce. "Abin da aka gaya miki ba shi ke nan ba. Akwai wanda ya fi shi muni, kuma da bakina nake so ki ji."

A bayanta ta ji ƙarar kofi ya sauka a kan benci. Ba a sha ba.